Katin Zaɓen Matan da Aka Koro Daga Ƙauyukansu

Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya ta matan aure a cikin birnin Katsina, ajin da ake shiga bayan la'asar. Tsakanin 2019 da 2021 ajin nan ya cika da baƙin fuska, mata daga ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya waɗanda 'yan bindiga suka tayar. Wasu suna raɓe a gidajen dangi. Wasu mai unguwa ne ya roƙar musu izinin zama a kangayen da ba a gama ginawa ba, aka toshe tagogin da buhu da kwali. Da yawansu an kashe mazansu, wasu kuma mazan sun yi kudu neman abin da za a ci.

Maganar katin zaɓe ta taso ne ranar da aka zo rubuta sunayen masu karɓar tallafin abinci, aka ce kowace ta kawo katin shaida. Wata ta ce nata ya ƙone tare da ɗakin. Wata ta ce yana cikin kwalla a ƙarƙashin gado, in har kwallar tana nan. Waɗanda suka kwance bakin zane suka fito da nasu, da na duba sai na ga rumfar da ke jiki ita ce firamaren garinsu, garin da a lokacin ko akuya babu a cikinsa. A dokar ƙasar nan mutum ba ya jefa ƙuri'a sai a rumfar da sunansa yake. Ke nan wanda ya raba su da gida da gona ya haɗa har da ƙuri'arsu, alhali su ne suka fi kowa dalilin sa baki a kan wanda zai riƙe ƙasa. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe rajista ranar 28 ga Yunin 2021, da farko ta intanet, inda mutum zai cike bayanansa a waya ya zaɓi ranar da zai je a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Tsarin ya sauƙaƙa wa 'yan boko da matasan birni, ba na musu. Amma ɗalibaina wadda take da waya a cikinsu ƙaramar nan ce mai tocila. Danginsu da suka rage a can kuwa, a watan Satumban wannan shekara gwamnatin jiha ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, kuma ba a dawo da sabis ba sai ƙarshen shekara. Hanyar intanet ba tasu ba ce. Sai dai a taka a je.

Abin da kowa yake faɗa a unguwa shi ne wadda ta rasa kati ta je ta yi sabo kawai. Ƙanena ya taɓa aikin wucin gadi a zaɓen 2019, shi na tuntuɓa, sai ya ce da ni, “Yaya, don Allah kada ki bari ko mutum ɗaya ta yi sabo in ta taɓa yi. Kwamfuta za ta haɗa yatsunta da na da, ta soke sabon, ta bar ta da tsohuwar rumfarta ta ƙauye.” Ya ƙara da cewa rajista sau biyu laifi ne a Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa tarar naira 100,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Ya zauna ya rarrabe mini matan gida uku a bayan littafin rajistar aji: wadda katinta yake hannu za ta nemi sauyin rumfa, abin da ake ce wa tiransifa, wadda nata ya ɓata ko ya ƙone za ta nemi a sake mata wani tare da sauyin rumfar, sabuwar rajista kuwa sai wadda ba ta taɓa yi ba, da 'yan matan da suka cika shekara 18.

Kafin a kai ga ofis akwai wani aikin da ya fi cin rai. Matar aure a wurinmu ba ta fita yini guda ba da izini ba, wadda mijinta ya rasu kuma akwai wan miji ko ƙanin uba da take zaune a ƙarƙashinsa. Maigidana ya yi wa liman magana, liman ya taɓo batun bayan sallar asuba, hakan ya buɗe ƙofofi da yawa. Akwai gidan da bai buɗu ba har aka gama. Maigidan ya ce matansa ba sa zuwa inda namiji zai ɗauke su hoto, muka yi bayani iya bayani, ya ce ya ji, amma a'a.

Wadda ta fi girgiza ni ba namiji ba ne, ɗalibata ce, mace mai natsuwa da aka kashe mata miji da ɗan fari a gona rana ɗaya. Ta ce, “Malama, na yi zaɓe a 2015, na sake a 2019. Da goyo na yini a layi. Ga inda nake yau. Me katin ya tsinana mini?” Ban yi mata alkawarin komai ba, don ƙuri'a ba ta dawo da mamaci, kuma ban san wanda zai ci ba balle abin da zai yi. Abin da na iya ce mata shi ne ɗan siyasa yana lissafi ne da rumfa, ya san rumfar da take kawo ƙuri'a da wadda ba ta kawowa, kuma mutanen da ba sa cikin lissafin nan ko jaje ba a zuwa yi musu.

Surukar wata ɗaliba, tsohuwar da kowa yake kira Goggo, tana zaune a gefen tabarma tana jan carbi. Ta makance shekaru da dama, jikarta ce take yi mata jagora. Ita ta karɓe maganar. Ta ce ita da girmanta ta ga lokacin da mace ba ta zaɓe a Arewa, maza su tafi su dawo su ba da labari, kuma a zaɓen Shagari ta fara dangwala yatsa, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna. Gaskiya ta faɗa. A zaɓen tarayya na 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba, kuma ba a ba mu wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Goggo ba ta kawo sunan kowa ba, cewa kawai ta yi, “'Yar nan, abin da aka daɗe ana hana ka, in ya zo hannunka ba ka yarwa don ɓacin rai.” Ta ce a sa sunanta a farkon takarda. Ɗalibar nan ba ta amsa a ranar ba, amma ranar tafiya na gan ta a bakin ƙofa da hijabinta.

A watan Yulin 2022 muka riƙa zuwa ofishin ƙaramar hukuma rukuni-rukuni, ana tsakiyar damina, ga hidimar babbar salla. Da an ce za a rufe rajista ranar 30 ga Yuni, sai aka ƙara wa'adi zuwa 31 ga Yuli, kuma kamar yadda muka saba, duk garin sai a lokacin ya taso. Tun bayan asuba ake zuwa a rubuta suna a wata takarda da matasa suke riƙewa a bakin ƙofa, da ita ake kira. Layin mata daban. Mukan tafi da tabarma da ruwa da ɗan abin da yara za su taɓa, kuɗin Keke Napep kuma daga asusun makaranta da abin da malamai suka haɗa.

Masu kati a hannu ba su sha wuya ba. Akwai doguwar lamba a jikin katin, da an shigar da ita bayanan mutum suke fitowa, a tambaye ta inda take zaune yanzu, a zaɓa mata rumfa mafi kusa. A nan wani sauyi da aka yi a 2021 ya yi mana rana. Tun 1996 ba a ƙara rumfunan zaɓe a Najeriya ba, sai a wannan shekara aka ɗaga su daga kusan 120,000 zuwa 176,846. Sababbin rumfunan ba su da jama'a sosai, har hukumar ta sanar daga baya cewa 240 daga cikinsu ba su da mai zaɓe ko ɗaya. Ƙanena ya ce mu roƙa a sa matan a sabuwar rumfar da ke bayan makarantarmu maimakon tsohuwar da take cika maƙil, aka kuwa sa su.

Wahalar tana wurin waɗanda ba su da kati. In babu lamba, da suna da ranar haihuwa ake nema, kuma a nan ne aka sha fama. Mace ɗaya tana da sunan yanka, da sunan da ake kiranta a gidan miji saboda alkunya, da wanda 'ya'yanta suke kiranta. A 2011 da aka yi babbar rajista, wata da sunan mahaifi ta bayar, wata da na miji, wata mijin ne ya amsa a madadinta tana tsaye. Ranar haihuwa kuwa kusan kowa 1 ga Janairu ce, shekarar ma ƙiyasi aka yi. Na tsaya a bayan wata ma'aikaciya tana neman wata baiwar Allah daga wani ƙauyen Safana. Ta gwada da sunan uba, babu. Ta gwada da na miji, mutum fiye da goma suka fito. Ta tambaye ta sunan mazaɓarsu, ba ta sani ba, sai dai ta san ranar da kasuwarsu take ci da sunan garin da ake kai amfanin gona. Da wannan wani dattijo a layin maza ya gane mazaɓar ya faɗa. Aka riƙa buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan wata matashiya mai cikar fuska da ɗankwali ja. Matar ta daɗe tana kallon allon kafin ta ce, “Ni ce. Shekarar da na haifi na biyu ke nan.” Ma'aikaciyar nan ta yi haƙuri da mu ƙwarai, Allah ya saka mata.

Masu sabuwar rajista ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu goma. Hijabi ba ya hana komai, niƙabi ne kawai ake ɗagewa. Matsalar yatsu ce ta fi yawa. Matar da ta yi shekaru tana surfe da wanki da tsinke-tsinken gona, zanen yatsunta ya shafe, sai an goge an sake, an goge an sake. Ga lallen salla bai gama fita ba. Daga baya muka riƙa gaya wa duk wadda za ta je ta haƙura da ƙunshi sai an gama.

Akwai wani gurbi a takardar da mutane ba sa kula da shi, inda ake rubuta ko mutum yana da wata nakasa da irinta. Na tsaya sai da aka cike wa Goggo, da wata gurguwa, da wata yarinya zabiya da ba ta gani sosai a rana. Da wannan bayani ne ake sanin rumfar da za a kai kayan taimako, kamar faifan rubutun makafi da ake ɗorawa a kan takardar ƙuri'a da gilashin ƙara girman rubutu. A rajistar da aka yi zaɓen 2023 da ita akwai mutum 93,469,008, amma masu buƙata ta musamman da aka rubuta 85,362 ne kacal. Duk wanda ya san yawan makafi da guragu da kurame da kutare a garuruwanmu ya san wannan adadi bai kama ƙafar yawansu ba. Wasu ba su yi rajistar ba, wasu sun yi amma ba a rubuta lalurarsu ba, kuma wanda ba a rubuta ba ba a yi masa tanadi.

Ranar 31 ga Yuli aka rufe. Akwai matanmu da ba su samu shiga ba, wata haihuwa ta tare ta, wata jinya, wasu kuma sun iso Katsina ne bayan an rufe, domin hare-haren ba su tsaya jiran jadawalin zaɓe ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a tabbatar waɗanda wani bala'i ya raba da gidajensu ba su rasa ƙuri'arsu ba gwargwadon iko. Wannan tanadi ya fi sauƙin aiki inda akwai sansani, kamar a Borno, inda za a tarar da mutanen gari guda a wuri guda. Namu a warwatse suke cikin unguwanni, ba su da sansani balle a lissafa su, kuma a ganina nan ne babban giɓin yake.

A watan Nuwamba aka kafe sunaye don kowa ya duba. Muka je da ƙanena da littafin aji muna bi layi-layi. A lokacin ne maganarsa ta tabbata. Mutum fiye da miliyan 12 ne suka kammala sabuwar rajista a faɗin ƙasa, aka soke kusan miliyan 2.8, akasari saboda maimaici. Cikinsu akwai wasu matan unguwarmu da wani yaron ɗan siyasa ya kwasa a mota tun kafin mu fara, ya kai su suka yi sabo. Sunayensu ba su fito ba. Ba wanda ya yi musu bayani a lokacin, kuma yaron bai sake waiwayarsu ba.

Karɓar kati an fara shi ranar 12 ga Disamba, a watan Janairu aka sauko da shi mazaɓu, aka yi ta ƙara wa'adi har zuwa 5 ga Fabrairu. Ba a karɓar wa wani, kowace sai ta je da ƙafarta, mai tsohon kati kuma ta miƙa shi a ba ta sabo. Wannan ya faɗo daidai lokacin canjin kuɗi, da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a gari, ga layin mai. Mai Keke ba ya karɓar tsohon kuɗi, sabon kuma babu. Da ƙafa muka je, Goggo tana dafe da kafaɗar jikarta.

Kati yana shiga hannu masu zawarcinsa suka bayyana. Ana bi gida-gida da taliya da sabulu da atamfa, wasu suna cewa a ba su katin su rubuta lamba don a sa mutum a jerin masu tallafi. Ba zan zargi macen da 'ya'yanta suka kwana da yunwa don ta karɓi taliya ba. Abin da muka nanata a aji shi ne kada kati ya bar hannun mai shi ko na minti ɗaya, kuma a cikin rumfa ba mai ganin inda ta dangwala sai Allah. Muka zana akwatuna a allo muka yi gwaji da shuɗin wanki: yatsa ɗaya a cikin gida ɗaya, kada ya haura layi, a naɗe takardar a tsaye don kada tawada ta shafi wani gidan ƙuri'ar ta lalace. Ban taɓa gaya wa kowa wanda za ta zaɓa ba, kuma na roƙi sauran malamai kada su yi.

Ranar Asabar 25 ga Fabrairun 2023 an hana zirga-zirgar ababen hawa, abin da yake zaunar da gurgu da tsoho a gida in rumfarsu tana da nisa. Tamu tana bayan makaranta. Gurguwar nan a keken guragu yara suka turo ta. Layin mata daban da na maza, kamar yadda dokar ta ba da dama a inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba, kuma tsofaffi da masu ciki da masu shayarwa da masu nakasa aka fara sallama. Shugabar rumfar wata mai yi wa ƙasa hidima ce 'yar kudu, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, mataimakinta ɗan gari ne yake fassara.

Da aka zo kan Goggo, na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe ta ƙi karanta yatsanta. A zaɓukan baya irin wannan ne yake jawo cike takarda da jayayya. Wannan karon sai aka ɗaga na'urar aka saita fuskarta, aka ce ta ɗago kai, nan take ta amince. Aka ba ta takardu uku, na shugaban ƙasa da na sanata da na ɗan majalisar wakilai. Goggo ba ta iya rubutun makafi ba, kamar yawancin makafinmu da ba su shiga makaranta ba, don haka wanda zai raka ta take buƙata. Wani wakilin jam'iyya ya matso yana cewa, “Kawo in taimaka miki, Baba.” Ta ce, “A'a ɗan nan, na gode, ga jikata.” Sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba makaho da duk mai nakasa damar shiga da wanda shi ya zaɓa da kansa, in an sanar da shugaban rumfa. Jam'iyyu 18 ne a takardar shugaban ƙasa. Yarinyar ta gaya mini daga baya cewa sai da Goggo ta sa ta faɗa mata alamomin tun daga sama har ƙasa kafin ta miƙa yatsa.

A ƙasa baki ɗaya mutum fiye da miliyan 87 ne suka karɓi kati, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ranar ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin 100 na masu rajista, mafi ƙanƙanta tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Ana yawan cewa mutane ne ba su damu ba. Akwai wannan, na ji shi da kunnena. Amma na ga inda mutane suke zubewa a hanya: wata a wurin izini, wata a kuɗin mota, wata a sunan da ba a gano ba, wata a shawarar banza da aka ba ta, wata a rumfar da ba ta shiguwa. Matan da muka bi da su tun daga farko, kusan dukkansu sun fito, har da wadda ta tambaye ni me katin ya tsinana mata, kuma sun sake fitowa ranar 18 ga Maris a zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha. Da a ce ana kai na'urar rajista makarantun matan aure da asibitocin awo da unguwannin da 'yan gudun hijira suka taru, tare da ma'aikata mata, da rabin wahalar nan ba a sha ta ba.

An sake buɗe rajista a watan Agustan 2025. Wannan karon ba mu jira ƙarshen wa'adi ba. Mun fara da waɗanda aka soke wa rajista a wancan karon, don a nemo tsohon bayaninsu a sauya musu rumfa, sai waɗanda suka iso gari daga baya, sai 'yan matan da suka cika shekara 18 a tsakani. Biyu daga cikin ɗaliban da muka raka a 2022 su ne yanzu suke zagayawa gidaje suna tambayar kowace mace ko ta taɓa rajista, da sunan wa, kuma a wace mazaɓa.